Warkewa da Yarda da Kai ga Marubuta Mata Baƙar Fata: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin matan da ke rubutu, ko suke son farawa, ko suka ajiye alƙalami saboda wani abu da ya same su. An amsa wasu a taƙaice domin ba su buƙaci dogon bayani ba, an kuma tsawaita a inda maganar take da nauyi.

Me ya sa ake ware marubuta mata baƙar fata idan ana maganar yarda da kai? Ba kowane marubuci ne ke shakkar kansa ba?

Kowane marubuci yana shakkar kansa, wannan gaskiya ne, amma shakkar mace baƙar fata tana da tarihin da ya girme ta. A shekarar 1773 aka buga littafin waƙoƙin Phillis Wheatley a Landan, yarinyar da aka sato daga Afirka ta Yamma aka sayar da ita a Boston tana da kimanin shekara bakwai. Kafin masu karatu su yarda cewa ita ta rubuta, sai da aka liƙa wa littafin takardar shaida mai ɗauke da sa hannun manyan garin su 18, har da gwamna, suna tabbatar da cewa baiwar nan ce ta tsara baitocin da kanta. Ba a nemi wannan daga mawaƙan Turawa na zamaninta ba.

Wannan neman shaida bai mutu tare da cinikin bayi ba, kamanninsa kawai ya sauya. Yakan zo a matsayin malamin da ya tambayi ɗaliba wa ya rubuta mata aikinta, ko editan da ya ce labarin ya yi kyau amma ba a san wa zai saya ba, ko ɗan uwan da ya ce mace mai mutunci ba ta baje zuciyarta a kasuwa. Launin fata na jawo wani ɓangare, zama mace na jawo wani, kuma a ƙasashen da kowa baƙi ne na biyun ne ya fi ciwo. Idan mace ta daɗe tana jin irin waɗannan maganganu, wata rana za ta wayi gari ta ji tana faɗa wa kanta su da muryarta, har ta manta cewa aro ta yi.

Ina rubutu, wasu ma sun yaba, amma kullum ina jin kamar yaudarar mutane nake yi, wata rana asirina zai tonu. Wannan ciwo ne?

Ba ciwo ba ne a ma'anar da likitoci ke nufi, amma abu ne sananne. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka bayyana wannan hali bayan sun yi aiki da mata masu digiri da manyan muƙamai waɗanda suka yi imani cewa sa'a ce ta kai su, ba ƙwazonsu ba. Abin lura shi ne, yawan nasara ba ya kashe wannan ji, domin duk yabon da ya zo sai zuciya ta fassara shi da cewa an sake ruɗar wani.

Shawarar da ta fi amfani a nan ita ce ki daina jayayya da jin, ki koma ga abin da ake iya ƙirgawa. Ki buɗe wani shafi a bayan littafinki ki riƙa rubuta abin da kika kammala da kwanan watansa: labari ɗaya a wata kaza, babi uku a wata kaza, wasiƙar da wata mai karatu ta aiko. Ranar da zuciyarki ta ce ba ki taɓa yin komai ba, sai ki buɗe shafin. Sannan ki tambayi kanki muryar wa kike ji idan shakkar ta taso, domin sau da yawa za ki gane mai ita, har da ranar da ya faɗi maganar da inda kike tsaye.

Shin da gaske rubutu yana warkar da mutum, ko dai magana ce mai daɗin ji?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an fi ƙarfin gaskiyar da ƙari. A 1986 James Pennebaker, wani masani a jihar Texas, ya sa ɗalibai su zauna minti 15 a kullum har kwana huɗu a jere, wasu suna rubuta abubuwan yau da kullum, wasu kuma suna rubuta mafi munin abin da ya taɓa samunsu tare da yadda suka ji. Waɗanda suka rubuta damuwarsu sun tashi daga teburin da baƙin ciki fiye da sauran, amma a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta. An maimaita irin wannan gwaji sau da dama, kuma abin da ya fito shi ne amfanin yana nan, sai dai matsakaici ne, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba.

Mata sun san wannan tun kafin a auna shi. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi da dama da ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'isha, kuma wanda ya karanta su ya san cewa mai rubutun tana neman inda za ta sauke nauyin rashi ne. Audre Lorde, mawaƙiya baƙar fata ta Amurka, ta riƙa rubuta abin da take ciki a lokacin da aka yanke mata nono saboda ciwon daji, ta kuma wallafa shi a 1980. Abin da rubutu yake yi shi ne ya ba wa abin da ke yawo a ƙirji farko da tsakiya da ƙarshe, ya mayar da shi abin da ake iya dubawa daga nesa. Wannan taimako ne babba. Amma bai kai a ce ya ɗauke wa mutum buƙatar likita ko abokin shawara ba, za mu kuma dawo kan wannan.

To sai na warke tukuna zan rubuta labarina, ko rubutun ne zai warkar da ni?

Nan ne mata da yawa suke cutar da kansu, domin suna haɗa ayyuka biyu da ya kamata a raba. Akwai rubutun da kike yi don kanki, wanda ba ruwansa da tsari ko nahawu, kina iya zagi a ciki, kina iya maimaita jimla ɗaya sau goma, hawaye ya ɓata tawada, ki rufe ki ɓoye ko ma ki yaga. Wannan ana yin sa tun mikin yana ɗanye. Akwai kuma rubutun da za ki miƙa wa baƙo ya karanta, ya yi masa hukunci, edita ya ce a cire shafi biyar, wani a intanet ya ce ƙarya kike yi. Wannan na biyun yana buƙatar mikin ya kame.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ki ɗauki shafin da ya fi miki zafi, ki ce a ranki wani ya ja layi a ƙarƙashin wata jimla ya rubuta cewa ba ta da daɗin karatu. Idan abin da kika ji shi ne sha'awar gyara jimlar, lokaci ya yi. Idan kuwa kika ji kamar an ce abin da ya same ki bai faru ba, to a mayar da shafin aljihun tebur, ki ci gaba da rubutun farko. Maya Angelou, marubuciya baƙar fata ta Amurka, ta yi kusan shekara biyar ba ta magana bayan an yi mata fyaɗe tana ƙaramar yarinya, kuma wata mata a garinsu ce ta dawo da ita ga magana ta hanyar sa ta karanta waƙoƙi da murya. Labarin wannan ƙuruciya bai fito a littafi ba sai 1969, lokacin tana da shekara 41. Tazarar da ke tsakani ba ɓata lokaci ba ce.

Dole ne in rubuta a kan wahala da wariya kafin a ɗauke ni da muhimmanci?

A'a. Gaskiya ne kasuwar littattafai ta ƙasashen Turai da Amurka ta daɗe tana nuna ta fi son labarin baƙar mace idan akwai bauta ko yaƙi ko duka a ciki, kuma marubuciyar da ta lura da haka tana iya fara haƙo ciwonta tana kaiwa kasuwa ba don ta shirya ba. A ganina wannan wani sabon rauni ne ake ɗora wa tsoho. Kina da damar rubuta soyayya, da barkwanci, da labarin bincike, da tatsuniyar wata duniya. Octavia Butler, baƙar fata 'yar Amurka, ta rubuta ƙagaggun labaran kimiyya a lokacin da ake ganin fagen na Turawa maza ne, kuma a 1995 ta zama marubucin irin waɗannan labarai na farko da ya samu kyautar gidauniyar MacArthur. Idan kuma wahalar ce kike son rubutawa, ki rubuta ta saboda ke kika zaɓa.

Wanda ke kashe mini gwiwa a cikin gidana yake. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi, domin sukar baƙo ana iya kashe waya a huta da ita, amma ta wanda kuke kwana ɗaki ɗaya tana nan da safe. Buchi Emecheta, wadda aka haifa a Legas a 1944, ta bi mijinta Landan a 1962. Ta rubuta littafinta na farko ta ba shi ya karanta, ta dawo ta tarar ya ƙone shi. Ta bar auren tana da shekara 22 da 'ya'ya biyar, ta yi aiki a ɗakin karatu, ta yi digiri da dare, tana rubutu da asuba kafin yaran su tashi. Littafin da aka ƙone kuwa ta sake rubuta shi daga ka, ya fito a 1976.

Ba ana kawo wannan labari ne don a ce kowace mace ta kashe aurenta ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Darasi na farko mai sauƙi ne kuma na zahiri: kada ki taɓa barin aikinki a kwafi ɗaya. Ki aika wa kanki ta imel, ki ɗauki hoton shafukan da kika rubuta da hannu, ki ajiye wani kwafi wurin wadda kika amince da ita. Na biyu, ki daina kai ɗanyen aiki gaban wanda ya riga ya nuna miki ba ya so. Mata da yawa suna maimaita wannan kuskure saboda suna fatan wata rana za a ce musu madalla, kuma duk lokacin da ba a ce ba sai su yi wata guda ba su taɓa alƙalami ba. Ana iya ƙaunar mutum, a girmama shi, ba tare da an naɗa shi alƙalin rubutu ba. Idan kuwa abin ya wuce raini ya kai ga barazana ko duka, to maganar ta bar fagen adabi, tsaron lafiyarki ne a gaba, sai a nemi waɗanda za su iya shiga tsakani.

Idan na rubuta gaskiyar abin da ya faru, zan tona asirin dangina. Ina da wannan haƙƙi?

Abin da ya same ki naki ne, amma ba ke kaɗai ce a cikin labarin ba. Ki rubuta daftarin farko ba tare da ɓoye komai ba, domin wanda ke rubutu yana waiwaye ba ya kaiwa ko'ina. Sai a daftari na biyu ki zauna ki tantance: wane sirri ne labarin ba zai tsaya ba sai da shi, wane ne kuma kika saka don ki rama. Ana iya sauya suna da gari da sana'a, ana iya haɗa mutum biyu su zama ɗaya, ana iya mayar da komai ƙagaggen labari, kuma marubuta mata da yawa ta wannan ƙofa suka bi. Ki fi kula da waɗanda ba za su iya kare kansu ba, musamman yara. Ki kuma sani cewa zargin mutum mai rai da laifi a rubuce yana iya kai ki kotu, don haka a nemi shawarar lauya kafin a wallafa irin wannan.

Mawallafa sun mayar mini da littafina. Ta yaya zan san ko aikin ne bai yi ba, ko kuwa ni ce ba a so?

Wani lokaci ba za ki taɓa sani ba, kuma dole ki koyi zama da hakan. Tsitsi Dangarembga ta kai littafinta na ƙagaggen labari na farko ga mawallafan ƙasarta Zimbabuwe suka ƙi shi, sai wani kamfanin wallafa na mata a Landan ya buga shi a 1988, shekara ta zagayo ya ci kyautar marubutan ƙasashen Kwamanwel ta yankin Afirka. Aikin bai canza ba tsakanin ƙi da karɓa, idon da ya duba ne ya canza.

Sai dai kada wannan ya zama mafakar ƙin gyara. Akwai bambanci tsakanin suka mai nuna wuri da suka mai share mutum gaba ɗaya. Wanda ya ce babi na uku ya yi tsawo, ko jarumar ta sauya hali ba dalili, ya ba ki abin aiki, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ce mutane irinku ba sa karatu, ko a cire kalmomin harshenki domin baƙo zai sha wahala, ko a ƙara wa labarin talauci don ya yi kama da Afirka, wannan ra'ayinsa game da ke yake faɗa. Idan masu karatu uku da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ki duba wurin. Kuma kada ki amsa wasiƙar ƙi a ranar da ta zo.

Ana cewa in riƙa rubuta wa kaina kalmomin ƙarfafa gwiwa. Ba yaudarar kai ba ne?

Ya danganta da abin da ke biye da su. A ɗakin karatu na Huntington da ke Kalifoniya akwai takardun Octavia Butler, kuma a bayan wani littafin rubutunta na 1988 an ga inda ta jera wa kanta alkawura da hannunta: littattafanta za su shiga jerin waɗanda aka fi saye, za ta sayi gida mai kyau, za ta kula da lafiyar mahaifiyarta, za ta biya wa yara baƙar fata marasa galihu kuɗin koyon rubutu. Wannan mace ce da mahaifiyarta ke aikatau a gidajen Turawa, wadda wata gwaggonta ta taɓa gaya mata tana yarinya cewa baƙar fata ba ya zama marubuci. Amma ita ɗin ce kuma ta yi shekaru tana tashi ƙarfe biyu ko uku na dare ta yi rubutu kafin ta tafi wankin kwanuka ko aikin masana'anta. Alkawuran suna tsaye ne a kan waɗannan awanni. Ta rasu a 2006, kuma sai a 2020 wani littafinta ya shiga jerin jaridar New York Times na waɗanda aka fi saye.

Saboda haka ki rubuta, amma ki fi ba da ƙarfi ga abin da ke hannunki. Alkawarin rubuta shafi ɗaya kafin hantsi ya fi alkawarin zama shahararriya amfani, domin na farko za ki iya cika shi gobe, kuma yarda da kai daga irin waɗannan ƙananan cikawa take taruwa.

Shekaruna sun ja, ga yara, ga aiki. Ban makara ba?

Toni Morrison ta Amurka tana da shekara 39 littafinta na farko ya fito a 1970, tana aikin edita tana renon 'ya'ya maza biyu ita kaɗai, kuma a 1993 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi. Mariama Bâ ta Senegal ta kai 50 kafin nata ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Bernardine Evaristo tana da 60 ta ci kyautar Booker a 2019. Ba ki makara ba. Abin da za ki kiyaye shi ne kada ki ɗauki tashin asuba na waɗannan mata a matsayin doka, har ki hana kanki barci ki kwanta ciwo. Minti 20 da za ki iya riƙewa kullum sun fi awa uku da za ki yi sau ɗaya ki gaji.

Wane amfani ƙungiyar marubuta mata za ta yi mini?

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma tarihin wannan fage ya nuna haka a aikace. Flora Nwapa, bayan littafinta na 1966 ya fito a Landan, ta kafa nata kamfanin wallafa a Inugu a shekarun 1970. A Amurka, Barbara Smith da Audre Lorde da wasu mata sun kafa kamfanin Kitchen Table a 1980, suka ba shi sunan teburin ɗakin girki domin a nan mata ke zama su yi maganar da ba sa yi a gaban kowa. A Yuganda an kafa ƙungiyar FEMRITE a tsakiyar shekarun 1990 domin horar da mata da buga ayyukansu. Har matattu an waiwaya: marubuciya Zora Neale Hurston ta rasu cikin talauci a 1960 aka binne ta ba alama a Fort Pierce ta jihar Florida, sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je ta ratsa ciyawar maƙabartar tana nema, ta sa aka kafa dutse da sunanta, daga baya aka dawo da littattafanta kasuwa.

Ba sai ƙungiyarki ta yi girma ba, mata uku ko huɗu sun isa. Amma a yi ƙa'ida tun ranar farko: abin da aka karanta a zaman ba ya fita, mai rubutu ce za ta faɗi irin martanin da take so a ranar, kuma aikin ake dubawa ba rayuwar mai shi ba. Ƙungiyar da kike fitowa daga zamanta kina jin kunyar abin da kika rubuta, ki bar ta ko da manyan sunaye ne a ciki. Wadda ba a taɓa nuna miki kuskure a cikinta ba ita ma ba za ta kai ki nesa ba.

Yaushe zan gane cewa abin ya fi ƙarfin alƙalami?

Idan kin yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da kike jin daɗinsa a da ya daina burge ki, barci ko cin abinci ya rikice, to wannan alamun ciwon damuwa ne kuma likita ake kai wa. Haka nan idan rubuta abin da ya faru yana dawo miki da shi kamar yanzu yake faruwa, da bugun zuciya da mugun mafarki, ki dakata da rubuta wannan ɓangaren har sai kin samu ƙwararren da zai raka ki. Idan kuwa tunanin kashe kanki ya zo, ki gaya wa wani a ranar, ki je asibiti mafi kusa, kada ki jira ya wuce.

Bessie Head ta isa misali. An haife ta a 1937 a asibitin masu taɓin hankali na Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, inda aka tsare mahaifiyarta Baturiya, mahaifinta kuma baƙar fata ne a ƙasar da wariyar launi ta yi wa katutu. Ta koma Serowe ta Botswana a 1964, ta yi shekara 15 a matsayin 'yar gudun hijira kafin a ba ta takardar zama 'yar ƙasa. Hankalinta ya taɓu har aka kwantar da ita a asibitin Lobatse, kuma bayan ta fito ne ta rubuta littafin da ya bayyana wannan hali daga ciki, wanda ake ƙirgawa cikin manyan ayyukan adabin Afirka. Jinyar ce ta fara zuwa, littafin ya biyo baya. Masu tsoron cewa magani zai dushe musu basira su faɗa wa likitan wannan tsoro kai tsaye, domin ana iya sauya magani ko a rage shi, kuma akwai jinyar da ta tattaunawa ce zalla.

Na yi shekaru ban rubuta komai ba. Daga ina zan fara?

Kada ki fara da buɗe tsohon littafin da kika bari a rabi, domin zai tarbe ki da duk laifin da kike ɗora wa kanki. Ki sami sabon littafin rubutu mai arha wanda ba za ki ji tsoron ɓata shi ba, ki sa agogo minti goma, ki bayyana abu ɗaya da ke gabanki: hannun mahaifiyarki yadda kike tuna shi, ko ƙarar da ke shigowa ta taga. Idan agogon ya buga ki tsaya ko da kina tsakiyar jimla, domin gobe ki sami inda za ki kama. Ki yi haka mako biyu ba tare da kin nuna wa kowa ba. A mako na uku sai ki ɗauko tsohon aikin, ki karanta shi da fensir a hannu, ki yi alama a gefen duk sakin layin da har yanzu yake da rai.